Yadda ake sa wa turoli mai ƙafar fayif taya, da yadda za ta daɗe

Turolin da muke ɗaukar katan-katan da shi a shago sau biyu ina canza mai taya cikin shekara ɗaya kafin na gane ba tayar ce ke da laifi ba, yadda ake sa ta ne. Wani mai walda ne ya liƙa min ita kai tsaye a jikin ƙafar, wuta ta ƙona giris ɗin da ke cikin boris, ko sati uku ba a yi ba ta fara ƙara tana cijewa. Toh ga yadda nake yi yanzu.

Na farko ka kifa turolin ka auna fayif ɗin, amma fa cikinsa zaka auna ba baya ba, nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure. Fayif mai faɗin mili 25 (wato milimita) daga waje, in kaurin ƙarfen mili 1.5 ne, to ramin ciki mili 22 ne kawai. In baka da abin awo mai kyau, yanko ɗan guntun fayif ɗin ka sa a aljihu ka tafi da shi kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce in a Kano kake, ka gwada a gaban mai kaya, ya fi ka dawo kana roƙon a canza maka.

Sai lissafin nauyi. Haɗa nauyin turolin da na kayan da zai ɗauka ka raba uku, ba huɗu ba, domin ƙasar mu ba a daidai take ba, ko da yaushe akwai taya ɗaya da ke lilo a iska sauran ukun na shan wahala. In turoli da kaya sun haɗa kilo 180 kenan kowace taya ta iya kilo 60 ko fiye. Kuma in tsakar shagon siminti ne mai ramuka kar ka sayi ƴar ƙarama mai mili 50, nemi mai 100 ko 125, ita ce ke haye tsakuwa ba gardama. Ta roba ba ta da ƙara kuma ba ta ɓata tayil, ta nailan ta fi jure nauyi amma akwai surutu.

Yanzu sakawa. Goge bakin fayif ɗin da zarto ko sanfefa, cire tsatsa da ɗan kaifin da yanka ya bari, ka tabbata ƙafafun huɗu tsayinsu ɗaya. In tayar mai sanda ce da roba a jiki, irin wadda ke kumbura in an ɗaure, ka ɗan murza notin tukuna har robar ta fara cika, sannan ka tura ta ciki har ƙarshe, kar ka bar rata ko kaɗan tsakanin bakin fayif da kan tayar, sai ka ɗaure da sifana har ka ji ta kama. Ja ta da hannu da ƙarfi, in ta motsa ƙara ɗauri. In ta ƙi shiga kar ka hau ta da guduma, ɗan ruwan sabulu ya isa, banda man inji don shi zai sa ta zame daga baya.

In kuma mai faranti ce mai huji huɗu, a nan ne mai walda zai shigo, amma faranti daban zai yanka ya liƙa a ƙasan ƙafar, a bari ya huce, a huda, sannan a ɗaure tayar da noti da washa. Ranar da ta mutu kwancewa kawai zaka yi. Ni nakan sa biyu masu juyawa da birki ta wajen mariƙi, biyu tsayayyu a gaba, turolin ya fi bin hanya. Huɗu duka masu juyawa sai in wurin matsattse ne, amma wallahi in ka loda kaya sai ya dinga tafiya a karkace kamar kaguwa.

Kulawa kuwa ba wani abu bane. Duk ƙarshen wata kifa shi ka duba gindin tayar, zaka sha mamakin zare da gashi da leda da suka nannaɗe a wurin, sa reza ko tsinken waya ka zaƙulo su. Lokacin hunturu ƙura ke haɗuwa da giris ta zama kamar yashi, don haka goge tsohon tas kafin ka sa sabo, kaɗan kuma, ba cikawa ba. Bi notuna da sifana. In taya ɗaya ta cinye ta gefe ko ta tsage, canza ta tare da ƴar uwarta ta ɗaya gefen, in ba haka ba sabuwar zata fi tsayi turolin ya koma yana rangaji.