Yadda Ake Inganta Sautin Hedifon Mai Tsada da Kushin Kunne da Amfilifaya

Wanda ya sayi hedifon mai tsada ya ɗora a kansa, sannan ya ji sautin bai kai yadda ya yi tsammani ba, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne neman amfilifaya mai ƙarfi, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar sautin da ke shiga hedifon, domin ita ce shawarar da ta fi yawo a bakin masu sha'awar kayan sauti. Sau da yawa kuwa matsalar tana manne ne a jikin kunnensa, wato a kushin da ke tsakanin kansa da lasifikar. Kushin yana iya sauya kaurin sauti, wato ƙananan sautuka irin na bugun ganga, ko kaifinsa, wato siraran sautuka na sama, da desibel (ma'aunin ƙarar sauti) da dama, canjin da kowa zai ji ba sai an nuna masa ba, alhali amfilifaya biyu masu kyau, muddin kowace tana da isasshen ƙarfi, bambancinsu yakan yi ƙanƙantar da sai an kasa kunne sosai kafin a gane shi. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da kushin, a yi ɗan lissafi, sannan a yanke shawara a kan amfilifaya.

Dalilin wannan tasiri na kushin ba ɓoyayye ba ne. Lasifikar hedifon tana kaɗa iskar da ke cikin wani ɗan ƙaramin fili wanda kushin ya kewaye, don haka kushin shi ne ɗakin da sautin yake zaune a ciki, kuma girman wannan ɗaki da yadda bangonsa yake tsotse sauti ko mayar da shi su ne ke ƙayyade abin da zai isa dodon kunne. Abubuwa uku ne suka fi muhimmanci: yadda kushin ya toshe iska a jikin fata, nisan da ya bari tsakanin kunne da lasifika, da kuma irin kayan da aka lulluɓe shi da su. Injiniyoyin kamfani suna daidaita sautin hedifon ne da sabon kushinsa na asali, wanda ke nufin cewa duk lokacin da kushin ya canza, ko da ta hanyar tsufa ne kawai, hedifon ɗin ya tashi daga yadda aka ƙera shi.

Aikin farko shi ne a duba kushin da ake da shi. A danna shi da yatsa a ga ko soson cikinsa yana dawowa nan take ko kuwa ya kwanta. A ɗora hedifon a lura ko kunne yana taɓa ƙyallen da ya rufe lasifika. A kuma kwatanta kaurin dama da na hagu, domin ɗaya yakan riga ɗaya lanƙwamewa, muryar mawaƙi kuma ta karkata gefe guda. Sennheiser HD 600, wanda ya fito a 1997, da ƙanensa HD 650 na 2003 sun yi suna a kan wannan hali: idan kushinsu na karammiski ya kwanta, lasifika tana matsowa kusa da kunne, kaifin sauti ya ragu, komai ya yi duhu kamar an rufa masa mayafi. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan amfilifaya, alhali sabon kushi na asali ne maganin. A ganina, kafin a gwada kushin wani kamfani daban, wajibi ne a fara jin hedifon da sabon kushinsa na asali na tsawon mako ɗaya ko biyu, domin ta haka ne kawai za a san abin da ake ƙoƙarin gyarawa.

Sai batun toshewar iska. A kunna waƙa mai kaurin sauti, a danna hedifon a hankali a jikin kai da tafin hannu. Idan kaurin ya ƙaru ƙwarai da an danna, to iska tana zurarewa ta wani wuri. Sandar tabarau, gashi mai yawa, da siffar muƙamuƙi duk suna buɗe kafa a ƙarƙashin kushi, kuma hedifon mai rufaffen baya ya fi cutuwa da wannan, domin kaurinsa gaba ɗaya ya dogara ne da matsewar iska. Mai sa tabarau zai fi samun biyan buƙata da kushi mai soso mai laushi wanda ke lanƙwasa ya rungume sandar, ko kuma ya nemi tabarau mai siririyar sanda don lokacin sauraro.

Idan an tabbatar cewa kushin na asali lafiyarsa ƙalau amma har yanzu akwai abin da bai gamsar ba, a nan ne ake duba kayan lulluɓi. Fata, ko ta gaske ko ta roba, ba ta barin iska ta wuce, don haka tana ƙara kauri, sai dai tana mayar da sauti a cikin ramin kushin, abin da kan haifar da ƙugi a ƙasa ko wani kaifi a sama. Karammiski yana numfashi, yana rage kauri kaɗan, yana kuma tsotse wasu daga cikin sautukan da za su yi ta kai da komowa. Fata mai ƙananan huji da kushin haɗin gambiza, wanda ke da fata a waje da ƙyalle a inda ya taɓa fuska, suna tsakatsaki. Wanda yake shakkar cewa 'yan huji za su iya yin wani tasiri, ya dubi Beyerdynamic DT 1990 Pro na 2016, wanda kamfanin ya sayar da shi da kushi kala biyu, dukansu na karammiski, babban bambancinsu shi ne yawan hujin da ke bayansu, amma ɗaya ya fi ɗaya kauri a fili. Haka nan kushin DT 770 da na DT 990 na wannan kamfani suna kama da juna a ido, amma ba a musanya su, domin an yi ɗaya don rufaffen baya, ɗayan kuma don buɗaɗɗe.

Zurfin kushi shi ne abin da aka fi yin kuskure a kansa. Kushi mai zurfi yana nisanta lasifika, yana sa a ji kamar filin waƙar ya faɗaɗa, kuma wannan yana burge mutum a ranar farko. Amma kunnen ɗan Adam yana ƙara wa sautin da ke kusa da 3 kHz, wato kaɗawa dubu uku a daƙiƙa, ƙarfi bisa halittarsa, kuma a wannan yanki ne bayyanar murya take. Idan kushi ya rage shi, muryoyi suna ja da baya, bayan kwana biyu sai a ga ana ta ƙara sauti don a ji kalmomin mawaƙi. Wannan alama ce ta cewa kushin bai dace ba, komai daɗin sa shi. Kamfanoni irin su Dekoni, ZMF da Brainwavz suna yin kushi iri-iri, kuma wanda ya fi cancanta a saya shi ne wanda aka wallafa awon sautinsa a kan ainihin samfurin hedifon da mutum yake da shi, domin kushi ɗaya yana iya gyara wani hedifon ya ɓata wani.

Wajen sauyawa, a san yadda kushin yake maƙale kafin a ja shi. Na HD 600 yana ɓallewa ne da zoben roba a kuma danna shi ya koma, na Beyerdynamic ana zura leɓensa a kewayen murfin, wasu samfuran Audeze kuwa da gam aka manna nasu, don haka sai an yi haƙuri an ɓamɓare a hankali. Kada yatsa ya taɓa fallen lasifika, kuma idan kushin mai karkata ne, ɓangaren da ya fi kauri yana komawa bayan kunne.

Yanzu sai amfilifaya. Tambayar farko ita ce ko hedifon yana samun wutar da yake buƙata, kuma amsar tana cikin lambobi biyu da ke jikin takardar bayaninsa: turjiyarsa, wato yadda yake tare kwararar wuta, wadda ake aunawa da om, da yawan desibel da yake bayarwa a kan miliwat ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na wat. Ƙa'idar ita ce kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka ƙarfi sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma sau goma. An saba ɗaukar desibel 110 a matsayin ƙololuwar da ya kamata amfilifaya ta iya kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, lokacin bugun ganga ko tashin makaɗa gaba ɗaya. A ɗauki hedifon mai om 300 da ke bayar da desibel 97 a kan miliwat ɗaya: yana buƙatar ƙarin desibel 13 don ya kai 110, wato kusan miliwat 20, wanda ya yi daidai da bolt 2.5. Ƙananan mahaɗan da ake soka wa waya galibi suna bayar da kusan bolt 1 ne, don haka a nan amfilifaya za ta yi amfani, amma ba sai ƙatuwa ba. A ɗauki kuma HiFiMan Susvara, mai om 60 da desibel 83: yana buƙatar ƙarin desibel 27, wato kusan rabin wat, da bolt 5.5 da kwararar wuta mai yawa. Wannan shi ne irin hedifon da amfilifaya mai rauni take sa ya yi laushi, kaurinsa ya watse da zarar waƙa ta yi zafi. A kula cewa wasu kamfanoni suna rubuta desibel a kan bolt ɗaya maimakon miliwat ɗaya, kuma lambobin biyu ba ɗaya ba ne.

Desibel 110 ɗin nan na ƙololuwa ne kawai, ba na zaman sauraro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma hedifon mai kyau yana da yaudara ta wannan fuska, domin sautinsa ba ya karcewa ko da ya yi yawa.

Lamba ta uku, wadda masu saye suka fi mantawa da ita, ita ce turjiyar mafitar amfilifayar kanta. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon. Dalili kuwa shi ne turjiyar hedifon da lasifikarsa ke aiki da naɗin waya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana hawa sosai a yankin kauri, inda lasifikar ta fi sauƙin kaɗawa. Misali, hedifon mai om 50 wanda turjiyarsa ke hawa zuwa 200 a wannan yanki, idan aka haɗa shi da mafita mai om 120, kaurinsa zai ƙaru da fiye da desibel 6, ya kumbura ya rufe muryoyi. Idan kuwa mafitar om 1 ce, canjin bai kai rubu'in desibel ba. Wannan ne ya sa amfilifaya mai kwalba, wato mai aiki da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, wadda ba ta da taransifoma a mafitarta take dacewa da hedifon mai om 300 ko 600, inda take ƙara masa ɗan ɗumi mai daɗi, amma ta ɓata mai ƙaramar turjiya. Yawancin abin da ake kira ɗumin kwalba daga nan yake fitowa, tare da ɗan gurɓatar sauti da kunne ke karɓa hannu bibbiyu. Ba laifi ba ne mutum ya so shi, in dai ya san zaɓi ne na ɗanɗano. Hedifon mai shimfiɗaɗɗen falle tsakanin maganaɗisu, irin na Audeze da HiFiMan, turjiyarsa kusan a miƙe take, don haka launin sautinsa ba ya sauyawa ta wannan hanya. Na kamfanin Stax kuwa, masu aiki da tsayayyar wutar lantarki ta bolt 580, ba sa shiga wannan lissafi ko kaɗan, domin sai da amfilifayarsu ta musamman.

Ƙarfi fiye da kima shi ma yana da nasa illa. Idan hedifon mai saurin amsawa ne, amfilifaya mai ƙarfin ninkawa, wato mai ninka sautin da ya shigo mata sau da yawa, za ta sa a ji shuuu a bayan waƙa, kuma maɓallin murɗa sauti zai tsaya a can ƙasa, inda dama da hagu ba su cika daidaita ba. A zaɓi ƙaramin matakin ninkawa muddin yana isa. Mafita mai daidaiton layi, wato mai fulogin 4.4 mm ko XLR mai ƙafa huɗu, babban amfaninta shi ne tana iya ninka bolt sau biyu a na'ura ɗaya. Wanda ƙarfi ya riga ya ishe shi ba zai ƙaru da komai ba. Kada a taɓa amfani da mahaɗi don soka igiyar hedifon ta yau da kullum a irin wannan mafita, domin hakan yana haɗe layuka biyu da bai kamata su haɗu ba, kuma yana iya ƙona amfilifayar.

Idan za a kwatanta amfilifaya biyu, dole a daidaita ƙarfin sautinsu, domin kunne yana ɗaukar wadda ta ɗan fi ƙara a matsayin wadda ta fi kyau, ko da bambancin bai kai desibel ɗaya ba. A kunna sautin gwaji na 400 Hz, a auna bolt ɗin mafitar kowace da mita alhali hedifon yana haɗe, a daidaita su, sannan a sa wani ya riƙa sauya igiya ba tare da mai sauraro ya gani ba. A yi amfani da waƙoƙi uku ko huɗu da aka sani ciki da bai, ciki har da mai murya zalla.

Abin da ya rage bayan kushi da amfilifaya, kamar kaifin da Sennheiser HD 800 na 2009 yake da shi a kusa da 6 kHz, ana gyara shi da ikwalaiza ta kwamfuta, wato manhajar da ke ɗaga ko rage wani yanki na sauti, kuma masu yin haka da yawa suna bin ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a binciken kamfanin Harman. Sai dai saitin da wasu suka wallafa an auna shi ne da kushi na asali, don haka ba zai yi daidai ba idan an sauya kushin ko ya kwanta. Haka kuma, duk wanda ya ɗaga kauri da desibel 6 dole ya rage sautin gaba ɗaya da desibel 6 a cikin manhajar don kada ya karce, kuma mayar da wannan ragi yana buƙatar amfilifaya ta bayar da ninki huɗu na ƙarfin da aka lissafa da farko, don haka mai niyyar amfani da ikwalaiza ya sa wannan ninkin cikin lissafinsa tun kafin ya zaɓi amfilifaya.