Yadda Ake Tsara Hoton 'Yan Ajin Ƙarshe a Lokacin Kaka a Amurka

A Amurka, ɗalibin da ya shiga aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, yakan ɗauki hoto na musamman da za a saka a kundin tunawa na makarantarsu. In kai mai hoto ne, ga yadda za ka shirya.

Da farko ka tambayi iyaye ranar da makaranta za ta rufe karɓar hotuna, da girman da take so. Daga ranar nan sai ka lissafo baya, ka ware mako biyu na gyara.

Sai zaɓen rana, kuma nan aikin yake. A waje za a ɗauki hoton, cikin bishiyoyin da ganyensu ke canza launi a lokacin kaka, amma ganye ba ya rikiɗa lokaci ɗaya a ko'ina. A jihar Vermont da ke arewa maso gabashin ƙasar yakan koma ja da ruwan ɗorawa daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, a kudu kuwa sai wajen Nuwamba. Iska da ruwan dare ɗaya suna iya kakkaɓe shi ƙarƙaf, don haka ka tanadi rana ta biyu tun da wuri. Ku fara awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, lokacin da haske ya yi laushi. Ka tuna, ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya a yawancin jihohi, magariba ta riƙa yi da wuri.

Kaya kala biyu sun isa. Ni na fi son marasa zane da yawa, domin ganyen ma ado ne. Yaron ya zo da abin da ransa ke so, ko ƙwallo ko jita, fuskarsa za ta saki.

In bai kai shekara 18 ba, iyaye su sa hannu kafin ka ɗora hotonsa a Instagram.