Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Zagaya Manyan Tafkunan Amurka da Kanada a Mota

Daga watan Yuni zuwa Agusta, lokacin da sanyi ya janye a arewacin Amurka, mutane da yawa kan ɗauki mota su nufi manyan tafkuna biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, wato Supiriya, Mishigan, Huron, Iri da Ontariyo, domin buɗe ido da sada zumunci. Tafiya ce mai daɗi, amma akwai kurakuran da ke maimaita kansu, kuma yawancinsu daga tushe ɗaya suke: raina girman waɗannan tafkuna.

Wanda ya dubi taswira a waya zai ɗauka kwana huɗu ko biyar sun isa ya zagaye su duka, ya kuma leƙa abokai a Shikago da Ditroit da Toronto. Wannan lissafin dokin rano ne. Tafkunan biyar suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke saman doron ƙasa, kuma hanyar da ta kewaye Supiriya kaɗai ta kai kimanin kilomita 2,100, wato kamar mutum ya tashi daga Kano zuwa Legas ya dawo. Ta Mishigan kuwa tana kusan kilomita 1,770. Mai mako ɗaya a hannu ya zaɓi tafki ɗaya ya tsaya a kansa, kuma ya ƙayyade wa kansa tuƙin da bai wuce awa huɗu ko biyar a yini ba, domin wanda ya wuni a kan sitiyari ba abin da zai gani sai kwalta da bayan manyan motoci. Idan lokaci ya ƙure, akwai jirgin ruwa mai suna Badger da ke ɗaukar motoci tsakanin Ludington a jihar Mishigan da Manitowoc a jihar Wiskonsin cikin kimanin awa huɗu, wanda ke raba matafiyi da cunkoson Shikago. Sai dai a tuna cewa agogon Wiskonsin yana bayan na Ludington da awa ɗaya, kuma rashin lura da wannan kan sa a makara ko a yi sammakon banza.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na kan iyaka. Tafkin Mishigan ne kaɗai yake cikin Amurka ɗungurungum. Sauran huɗun iyakar ƙasashen biyu ta ratsa su. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana yana buƙatar bizar Kanada daban, domin bizar Amurka ba ta shigar da shi Kanada. Kafin ya haye gadar Ambassador daga Ditroit zuwa Windsor, ko ya tsallaka domin kallon gangaren ruwan Nayagara daga ɓangaren Kanada, inda ya fi fitowa sarai, wajibi ne ya tabbatar takardunsa za su ba shi damar komowa Amurka. Wannan ya ƙara muhimmanci tun watan Yulin 2025, lokacin da Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya. Idan motar haya ce, a sanar da kamfanin tun wuri cewa za a ƙetara da ita. Batun tsaraba ma yana nan: kilishi da dambun nama suna cikin kayan naman da jami'an kwastan ke hanawa, kuma ɓoye su ya fi ɗauko su laifi. Duk abin ci da ke cikin mota a faɗe shi idan an tambaya, a bar jami'i ya yanke hukunci.

Ruwan kansa ana yi masa kallon ruwan kogi ko na dam, alhali ɗabi'arsa ta teku ce. Supiriya yana da sanyi ƙwarai ko a tsakiyar Yuli, har yakan kashe wa mutum hannu da ƙafa cikin ɗan lokaci, komai gwanintarsa a iyo. Mishigan ya fi ɗumi, amma shi ya fi cin rayuka, saboda wani jan ruwa da ke tasowa daga gaɓa ya yi ciki da mutum, musamman kusa da gadojin da aka miƙa cikin tafkin. Wanda ruwan ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufi tudu kai tsaye, domin ƙarfinsa ne zai ƙare. Ya kwanta a saman ruwan ya huta, sannan ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga jan. Inda aka kafa jar tuta ba a shiga ruwa ko kaɗan, kuma yara su sa rigar ceto ko da ruwan iya gwiwa ne. A tudun yashi na Sleeping Bear, da ke gaɓar tafkin Mishigan, ma ana yin irin wannan ganganci: gangarawa zuwa bakin ruwa ba ta ɗaukar lokaci, amma hawowa kan yashi mai zamewa mai tsayin fiye da mita 130 yakan gagari mutane har sai an kira masu ceto.

Kayan sawa ba su buƙatar dogon bayani. A saka rigar sanyi a jaka, domin iskar yamma a bakin tafki tana da kaifi, a kuma riƙe maganin sauro da na ƙudan cizo, waɗanda suka fi yawa a dazuzzukan arewa cikin Yuni.

A arewacin Supiriya, tsakanin garuruwan Sault Ste. Marie da Thunder Bay na Kanada, akwai tafiyar kusan kilomita 700 a babbar hanya mai lamba 17, inda garuruwa suke nesa da juna kuma sabis na waya yakan ɗauke. Direban da ya saba jiran fitilar mai ta kunna kafin ya nemi gidan mai zai iya kwana a daji. A cika tanki da zarar ya kai rabi, a sauke taswira a waya tun akwai intanet, a kuma tuna cewa allunan Kanada da kilomita suke ƙidaya gudu, na Amurka kuwa da mil. Tuƙin almuru da na dare ya fi kyau a guje masa, saboda barewa da wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira mus, wadda karo da ita kan murƙushe mota.

Musulmi matafiyi yakan manta cewa rana tana daɗewa ba ta faɗi ba a can. A ƙarshen Yuni magariba takan kai kusan ƙarfe goma na dare a Thunder Bay, asuba kuma ta yi sammako, saboda haka a duba jadawalin kowane gari maimakon dogaro da sabo. Naman halal yana da yawa a Dearborn, kusa da Ditroit, da Shikago da Toronto, amma yana wuyar samu a ƙananan garuruwan arewa. A yi guzuri, ko a koma ga kifin tafkin, wanda kusan kowane gidan abinci yake sayarwa.

Sai kuma ziyarar abokai, wadda sau da yawa ita ce dalilin tafiyar amma ita ake bari ba tsari. A gida baƙo yakan yi sallama kawai a shimfiɗa masa tabarma, amma a can mai masauki yana da aikin da ba ya iya bari ba tare da neman izini tun makonni ba, gidansa kuma wataƙila ɗaki biyu ne. A sanar da shi rana da adadin mutane da kwanakin da za a yi, a daidaita zuwan da ƙarshen mako, kuma kada a mayar da gidansa wurin kwana kawai, a shigo da dare a fice da asuba. Ranakun da ba a wurin aboki za a kwana ba, a kama ɗakin otal tun da wuri, musamman a makon farko na Yuli, lokacin da bikin Kanada na ranar 1 ga wata da na Amurka na ranar 4 suke haɗuwa, masaukai su cika, farashi ya tashi. Mai niyyar zuwa tsibirin Mackinac da ke tafkin Huron kuma ya san cewa an hana motoci a can tun 1898, don haka zai ajiye tasa a Mackinaw City ko St. Ignace, kusa da gadar Mackinac mai tsawon kimanin kilomita 8, ya shiga jirgin ruwa, ya ƙarasa yawonsa a keke ko keken doki.