Yadda Ake Daskarar da Ƙwayoyin Mahaifa Domin Renon Ɗan Tayi

A wasu cibiyoyin dashen ciki, inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyi a wajen jiki, irin ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, idan an sha dasa wa mace ɗan tayi bai kama ba, likitoci kan rene shi a kan ƙwayoyin halittar da aka ɗebo daga shimfiɗar mahaifarta kafin a mayar mata da shi. Da yake ɗibar ƙwayoyin takan riga ɗaukar ƙwai da wata guda ko fiye, dole ne a daskarar da su su jira.

Da farko, likita zai zura siririn bututu ta bakin mahaifa ya tsotso ɗan nama kaɗan, kwanaki 5 zuwa 12 bayan gwaji ya nuna fitar ƙwai ta gabato. A ɗakin gwaje-gwaje za a yayyanka naman, a sassauta shi da sinadarin kolajinas, a ware ƙwayoyin saman shimfiɗar daga na ƙarƙashinta, sannan a rene su har su yawaita.

Daskarewar ce ke buƙatar natsuwa. Ruwa ne mafi yawan abin da ke cikin ƙwayar halitta, kuma idan sanyi ya kama ta farat ɗaya, ƙanƙara mai kaifi takan tsiro a cikinta ta keta fatarta. Idan kuma aka ja lokaci fiye da kima, ruwan zai tsiyaye, gishiri ya taru, ƙwayar ta yamushe. Saboda haka ake zuba sinadarin gilisarol ko wani da ake kira DMSO domin kariya, a riƙa sauke zafin da kimanin digiri 1 na ma'aunin Salshiyos a kowane minti, kafin a adana ƙwayoyin a ƙananan kwalabe cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifili.

Narkarwa kuwa cikin hanzari ake yin ta, a ruwa mai digiri 37, ana dab da ɗaukar ƙwai. Nan take za a wanke sinadarin kariyar, domin DMSO na cutar da ƙwayoyin da zarar sun ɗumama.

Bai kamata a tsallake ƙidaya ba, ko da aiki ya yi yawa. Ana ɗiga shuɗin rini a kan ɗan samfuri a duba ta madubin likita: matattun ƙwayoyi kan rine, masu rai kuwa su fito garau. Ƙwayoyin ƙarƙashi sun fi juriya da saurin yaɗuwa, har sukan mamaye na saman, alhali ana son dukansu biyu. A ganina, rayuwa kaɗai ba ta isa shaida ba. Sai an ga sun manne a gindin faranti sun rufe mafi yawansa.

Washegarin haɗa ƙwai da maniyyi, idan ya tabbata sun haɗu, sai a ɗora ɗan tayin a kan ƙwayoyin da suka shimfiɗu a farantin, a mayar da farantin cikin na'urar ɗumi har zuwa kwana na 3 ko na 5, lokacin da za a dasa shi a mahaifa.