Yadda ake zaman nutsuwa irin na yoga a gida

Da an ambaci yoga, wato hanyar horar da jiki, numfashi da hankali, yawancin mutane hoton wani suke gani a Instagram ya nannaɗe ƙafafu a wuya. A Indiya, inda abin ya samo asali, wannan ɗan yanki ne kawai. Patanjali, wanda ake jingina wa littafin Yoga Sutra, ya kasa hanyar gida takwas, kuma zaman jiki, wato asana, shi ne na uku. Biyun farko duk halayya ce: kada ka cuci kowa, kada ka yi ƙarya, kada ka taɓa abin da ba naka ba, ka tsabtace jikinka, ka wadatu da abin da ke hannunka. Ke nan a wajen Patanjali, wanda ya wuni yana tauye mudu bai ma taka matakin farko ba, ko da kuwa yana iya tsayuwa a kan kansa.

Ka fara da zaɓen lokaci. Masu yoga, kamar na garin Rishikesh da ke bakin kogin Ganga, sun fi son abin da suke kira brahma muhurta, kimanin sa'a 1 da rabi kafin fitowar rana. Ciki babu nauyi, yara ba su tashi ba, unguwa shiru.

Shimfiɗa tabarma, ninka bargo ka zauna a bakinsa yadda ƙugu zai ɗara gwiwa tudu. Wannan ɗan tudun shi ke hana baya duƙewa. Sharaɗin zama biyu ne, ya tabbata kuma ya yi daɗi. Idan gwiwa tana kuka, ɗauko kujera, ba a ba da lambar yabo a kan azabtar da ƙafa.

Sai numfashi. Akwai salon da ake kira nadi shodhana. Toshe ƙofar hancin dama da babban yatsa, ka shaƙi iska ta hagu a hankali. Toshe hagu da yatsan da ke kusa da ƙaramin, saki dama, ka fitar. Shaƙa ta dama, toshe ta, fitar ta hagu. Zagaye ɗaya ke nan, yi 5. Kada ka riƙe numfashi tukuna, musamman mai hawan jini ko mai juna biyu.

Yanzu sauke hannu a cinya, rufe ido, ka ajiye hankalinka a kan iskar da ke shiga da fita ta hanci. Nan ne ainihin aikin. Kafin ka ƙirga goma, zuciya ta tafi wajen kuɗin makarantar yara, ko baƙar maganar da wani ya yaɓa maka jiya, har ka fara shirya masa amsa. Da ka farga, ka dawo kan numfashi, ba faɗa, ba zargin kai. Za ta sake tafiya, ka sake dawo da ita. Wannan dawowar ita ake horarwa, ba wai kai ya zama fayau ba tunani ba. Minti 10 kullum ya fi sa'a guda ranar Lahadi.

Akwai abin da mai addini zai so ya tantance tun farko. Wasu darussan suna haɗawa da rera “Om” ko jerin motsin jiki na gaida ranar da ke sama, wato surya namaskar, waɗanda ke da tushe a addinin Hindu. A 2008 Majalisar Fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda irin waɗannan, a 2009 kuma Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta mai ɗauke da ibadar Hindu, ta bar ta motsa jiki zalla. Don haka ka tambayi mai koyarwa abin da ke cikin darasinsa kafin ka biya, ka kuma tuntuɓi malaminka.

In ka gama, kada ka zabura. Murza tafin hannu su yi ɗumi, shafa fuska, miƙe ƙafa har jini ya koma, sannan ka tashi. Wayar kuma ka bar ta a ɗaki har sai ka karya kumallo.