Gadon haƙƙin man fetur a Amurka: inda 'yan uwa ke tafka kuskure

A Amurka mutum zai iya mallakar mai ko gas ɗin da ke ƙarƙashin ƙasa ko da saman filin na wani ne, shi ya sa a Texas da Oklahoma ake gadon wannan haƙƙi kamar yadda ake gadon gida. Wajen mayar da shi sunan magada ne ake yin shirme.

Babban kuskure shi ne a zauna a falo a raba da baki, "ni na bar wa Yaya nawa", a tashi ana ganin an gama. Wallahi ba a gama komai ba. Sai an rubuta takardar mallaka, an sa hannu gaban notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, an kai ofishin rajista na gundumar da filin yake, gundumar filin fa, ba inda kuke zaune ba. Haka ma kotun gado, in tsohon ya rasu a Kalifoniya filin kuma yana Oklahoma to yawanci sai an sake buɗe maganar a can.

Sai kamfanin da ke haƙo man yana biyan mai haƙƙi kasonsa. Da zarar sun ji labarin rasuwa sai su riƙe kuɗin, ba mugunta ba ce, ba su san wa za su ba wa ba. Ku tura musu takardar shaidar mutuwa da hukuncin kotu ko rantsuwar magada da fom ɗin haraji W-9, su kuma su aiko da takardar rabon kaso, wadda ke nuna lambar kason kowa cikin kuɗin man. Don Allah kar a sa mata hannu ido rufe. In baba na da eka 40 cikin eka 640 da rijiyar ta haɗa, kason da yarjejeniyar haya ta ba mai haƙƙi kuma 1/8 ne, lambar kasonsa 0.0078125 ce, ita za a kasa wa magada, kuma sifili ɗaya in ya ƙaru ka yi shekaru kana karɓar ɗaya bisa goman haƙƙinka ba ka sani ba. Ita wannan takardar ba ta mallaka wa kowa komai, ta biyan kuɗi ce kawai. In kuma aka yi ta jan ƙafa, a Texas bayan shekara 3 kuɗin na komawa hannun jiha, sai an bi sawu.

Wasu kuma suna rubuta wa ɗan uwa kason kuɗin kawai alhali nufinsu duka haƙƙin, to ikon ba da haya da kuɗin da kamfani ke biya lokacin sa hannu a hayar bai koma wajensa ba kenan. Lauyan da ya san harkar mai a jihar shi ya kamata ya rubuta, ba fom ɗin intanet ba.

Kyauta tun ana raye ma akwai tarko, wanda ya gada ana lissafa masa haraji daga darajar ranar rasuwa in ya zo sayarwa, wanda aka yi wa kyauta kuwa daga tsohon farashi.

Kar kuma a manta da filin da babu rijiya a kai. A Luwiziyana haƙƙin na komawa ga mai saman fili bayan shekara 10 ba a taɓa shi ba, a Dakota ta Arewa mai fili zai iya nemansa bayan shekara 20 in ba ku yi rajistar cewa naku ne ba.