Yadda ake ɗaukar samfurin babban hanji don auna aikin ƙwayoyin gado a ciwon kumburin hanji

Yawancin binciken da ke lalacewa a wannan fanni tun a ɗakin duba hanji da kyamara yake lalacewa, tun kafin a je kan injin PCR, wanda ke auna yawan saƙon ƙwayoyin gado. RNA, wato saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, ba ya jure jira. Da an tsinke tsoka daga bangon hanji, sinadaran da ke narkar da shi sun fara aiki, hanji kuwa cike yake da su.

Kafin a ɗauki komai, a tabbatar cutar ita ce ciwon kumburin hanji, wato cutar Crohn ko gyambon babban hanji. Atuni na amiba, tarin fuka na hanji da tsargiyar hanji duk suna kumbura babban hanji, kuma a ƙasashenmu sun fi cutar Crohn da gyambon babban hanji yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka musamman yana kama da Crohn har a madubin likita. A gwada bayan gida, a tura wani yanki ɗakin duba tsoka cikin fomalin, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa. Amma wanda za a ciri RNA daga gare shi kada ya taɓa fomalin, domin yana ɗaure RNA da furotin ya kuma kakkarya shi.

Daga kowane majiyyaci a ɗauki yanki biyu zuwa huɗu daga wurin da ya kumbura, da wasu daga wurin da ya yi kama da lafiyayye. A rubuta ainihin sashen hanjin. Gyambon babban hanji daga dubura yake farawa ya yi sama ba tare da tsallake ba, Crohn kuwa tsalle-tsalle yake yi. Ko a mutum mai lafiya, ɓangaren dama na babban hanji da na hagu ba aiki ɗaya ƙwayoyin gadonsu ke yi ba, don haka wanda ya kwatanta dubura mai kumburi da ɓangaren dama mai lafiya, bambancin wuri ya auna, yana zaton na cuta ne. A haɗa da makin Mayo na kyamara, mai nuna tsananin kumburi daga 0 zuwa 3, da magungunan da majiyyacin ke sha. Prednisolone kaɗai ya isa ya danne saƙon garkuwar jiki.

Yankin bai fi milimita 2 zuwa 3 ba. A jefa shi nan take cikin ruwan RNAlater mai hana RNA lalacewa, aƙalla ninki biyar na girmansa. Rabin mililita ya wadatar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kai shi firiza kai tsaye: ruwan ya daskare bai ratsa tsokar ba. A bar shi ya kwana a firji a digiri 4, washegari a mayar da shi firiza mai -80. Idan wuta ta ɗauke, ruwan yana riƙe RNA kusan mako guda a digiri 25, amma kwana ɗaya kacal a 37, wato zafin bazara ba zai ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Wajen cire RNA, mililita 1 na TRIzol, ruwan da ke narkar da tsoka ya saki RNA, ya ishi yanki ɗaya. A niƙe tsokar sarai, a ƙara mililita 0.2 na kulorofom, a girgiza, a juya a injin juyi na minti 15 a ƙarfin 12,000 g, digiri 4. Ruwan da ya taso sama kawai ake ɗiba, a nan RNA yake. Kwaɗayin kwashe shi duka ne ke sa a taɓo farin layin tsakiya, DNA ya biyo. Sai rabin mililita na isopropanol, a wanke da ethanol mai kashi 75, a sa DNase mai narkar da sauran DNA. Ma'aunin 260/280, mai nuna tsabtar RNA, ya kasance wajen 2.0. Idan na 260/230 ya faɗi ƙasa sosai, sauran gishiri ko fenol ne, a sake wankewa. Makin RIN, mai nuna ko RNA ya kakkarye ko bai kakkarye ba, wanda ya kai 7 ko sama shi ake so. Tsoka mai gyambo sau da yawa ba ta kaiwa, kuma idan aka zubar da irin waɗannan duka, an zubar da majiyyatan da cutarsu ta fi tsanani ke nan. Gara a rubuta makin, a saka shi cikin lissafi.

Ƙwayoyin gadon da aka saba aunawa sun haɗa da TNF, IL1B, IL6, IL17A, da S100A8 da S100A9 masu samar da kalfurotektin, furotin mai nuna kumburin hanji. OSM ma ya shigo sahu tun 2017, lokacin da aka nuna cewa yawansa a hanji yana tafiya da ƙin jin maganin da ke toshe TNF, irin su infliximab. Kada a dogara da GAPDH shi kaɗai a matsayin ma'aunin kwatance, wato ƙwayar gadon da ake gwada sauran da ita, kumburi yana motsa shi. A gwada uku ko huɗu, a zaɓi biyun da suka fi tsayawa daram. Ingancin firaima, wato guntayen DNA da PCR ke amfani da su wajen kamo saƙon da ake nema, ya tsaya tsakanin kashi 90 da 110, kuma a gauraya samfuran masu cuta da na masu lafiya a faranti ɗaya, a rana ɗaya.

Fassara ita ce mai wuya. Idan S100A8 ya ninka sau da yawa, ba lallai kowace ƙwayar jiki ce ta ƙara aiki ba. Galibi ƙwayoyin farin jini ne suka yi dafifi a wurin, fatar cikin hanjin kuma ta zube. Don raba biyun, a auna EPCAM don fatar hanji da PTPRC don ƙwayoyin garkuwa, sannan a sa likitan duba tsoka ya ƙiyasta yawansu a yankin da ke maƙwabtaka da wanda aka niƙa.